Lambunan mashaya a yankin Lake District na Ingila

Lambun mashaya fili ne a jikin gidan sha, a gaba ko a baya ko a gefe, inda ake jera tebura da bencina a sararin Allah domin baƙi su ci su sha a waje. Ana samun irinsa a ko'ina cikin Birtaniya, amma na yankin Lake District, a gundumar Cumbria da ke arewa maso yammacin Ingila, sun yi suna saboda abin da ido ke gani daga cikinsu: tafkuna, duwatsu, da kwaruruka masu katangun dutse da tumaki. Yawancinsu ba a gina su da niyyar shaƙatawa ba. Tsofaffin harabobin gona ne, ko wuraren ɗaure dawakan fatake, waɗanda zamani ya mayar da su wurin zama.

Yankin

Lake District ya zama gandun ƙasa a 1951, kuma bayan an faɗaɗa iyakarsa a 2016 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,362. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A nan Scafell Pike yake, tsauni mafi tsayi a Ingila, mai mita 978; a nan kuma Windermere yake, tafkin da ya fi kowanne girma a Ingila, da Wast Water wanda ya fi kowanne zurfi. Mazauna gandun ba su wuce kimanin 40,000 ba, alhali masu ziyara miliyoyi ne a kowace shekara.

Ruwan sama shi ne sarkin yankin. Ƙauyen Seathwaite na kwarin Borrowdale yana samun fiye da milimita 3,000 a shekara, kuma ana lissafa shi cikin wuraren zaman mutane mafi yawan ruwa a Ingila. Saboda haka lambun mashaya a nan abin 'yan watanni ne, daga wajen Afrilu zuwa Satumba. Abin da ke rama wa mutane shi ne tsawon yini: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare, mutum zai sauko daga tsauni da la'asar sakaliya ya kuma samu sa'o'i na haske a gabansa. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu duhu ya fara shiga, bencina kuma sun jiƙe sharkaf.

Asali

Kafin a yi titunan mota, kaya a kan dawaki suke tsallaka duwatsun nan. Ayarin ƙananan dawakai kan ɗauki ulu zuwa Kendal, garin da ya shahara da saƙa, wasu kuma su ɗauko ma'adinai daga ramukan haƙa. A gindin kowane mashigin tsauni akwai gidan da za a sauke kaya, a shayar da dabbobi, a kwana, kamar dai zangon fatake. Sau da yawa gidan manomi ne wanda matarsa ke dafa giya tana sayar wa matafiya. Sunan Woolpack Inn da ke kwarin Eskdale, a ƙarƙashin mashigin Hardknott, yana tuna wa mutane da damman ulun da ake bi da su ta wurin. Ban da fatake akwai mahaƙan tagulla a Coniston, da na dalma a Glenridding, da masu fasa dutsen rufin ɗaki a Honister da Elterwater, kuma kowane rukuni yana da mashayar da yake zuwa ranar albashi.

Masu yawon buɗe ido sun fara zuwa a ƙarshen ƙarni na 18, musamman da yaƙe-yaƙen Turai suka hana masu hali na Ingila tafiya tsaunukan Alps. Mawaƙi William Wordsworth, wanda aka haifa a Cockermouth a 1770, ya ƙara wa yankin farin jini. Gidan da ya zauna a Grasmere daga 1799 zuwa 1808 shi kansa tsohuwar mashaya ce. Da jirgin ƙasa ya iso Windermere a 1847, duk da adawar da Wordsworth ya yi, sai ma'aikatan masaƙun Lancashire suka samu hanyar zuwa su yini su koma. Daga nan masu masauki suka gane cewa baƙo zai biya kuɗi don ya zauna ya kalli dutsen da su suka saba gani tun haihuwa.

Wannan ya bambanta da lambun giya na Bavaria a Jamus. Can, dokar sarki ta 1812 ce ta ba masu dafa giya izinin sayarwa a saman rumbunansu na ƙarƙashin ƙasa, a inuwar manyan itatuwa, kuma wuri ɗaya kan ɗauki dubban mutane. Na Lake District ƙanana ne, wani tebur biyar, wani ashirin, kuma inuwa ba ita ake nema ba. Rana ake nema, da katangar da za ta tare iska.

Taron makiyaya

Abin da ya fi ɗaure mashayar ƙauye da ƙasar da take kai shi ne kiwo. Tumakin Herdwick, masu launin toka da farar fuska, suna yawo a kan duwatsu ba shinge, kowace tunkiya ta san yankin da uwarta ta koya mata. Duk da haka wasu kan ɓata su shiga garken maƙwabta. Kowace gona tana da alamarta, shafin launi a jikin ulu da tsaga a kunne, don haka a ƙarshen kaka makiyaya kan haɗu a harabar wata mashaya, kowa ya koro baƙin tumakin da ya tsinta, mai su ya gane ya karɓa. Bayan an gama sai gasar tumaki, da tseren karnuka, da kokawar gargajiya ta Cumberland da Westmorland, tsofaffin gundumomin yankin, da waƙe-waƙe har dare. Har yanzu ana yin irin wannan taro a kwaruruka da dama, ciki har da Wasdale da Duddon.

Wanda ya fi shahara a da shi ne na Dun Bull, mashayar ƙauyen Mardale Green. Hukumar birnin Manchester ta gina madatsar ruwa ta Haweswater a shekarun 1930 domin shan mutanen birni, aka tashi ƙauyen, aka rushe mashayar, ruwa ya rufe wurin. A shekarun fari, idan ruwan ya ja baya, katangu da tsohuwar gadar ƙauyen kan fito fili, mutane su je kallo.

Ya kamata a faɗi wannan a sarari, domin mai zama a lambu yakan ɗauka cewa abin da yake kallo halitta ce tsagwaronta. Koren filin da ke gabansa tumaki ne suka kiwata shi ya zama haka, katangun da suka hau har ƙirjin tsauni kuma hannun mutane ne ya jera su dutse bisa dutse ba tare da siminti ba. Wannan aikin noma da kiwo yana cikin dalilan da UNESCO ta kafa hujja da su.

Sanannun wurare

Wasdale Head Inn yana ƙarshen hanya, bayan tafkin Wast Water, inda Great Gable da Scafell suka tokare kwarin. A bayansa akwai rafi da tsohuwar gadar dawakan fatake, kuma a bakin rafin ake zama. Ana yi wa wurin kallon mahaifar wasan hawan dutse a Birtaniya, domin a nan masu hawa na farko suke sauka a ƙarshen ƙarni na 19. A 1886 Walter Parry Haskett Smith ya hau tsinin dutsen Napes Needle shi kaɗai. Mai masaukin na farko, Will Ritson, ya yi suna wajen shirga wa baƙi labarai, har yakan ce turnip na gonakin kwarin, wato manyan saiwoyin da ake ciyar da dabbobi da su, girmansu ya kai a rarake ɗaya tumaki su fake a ciki. Don tunawa da shi aka shirya gasar babban maƙaryacin duniya a Bridge Inn da ke Santon Bridge, gasar da aka hana 'yan siyasa da lauyoyi shiga.

Old Dungeon Ghyll yana can ƙuryar kwarin Great Langdale, a gindin duwatsun Langdale Pikes. Masanin tarihi G. M. Trevelyan ne ya saye shi a ƙarshen shekarun 1920 ya ba ƙungiyar National Trust, wadda ke kula da wuraren tarihi. Ɗakin shan masu tafiyar ƙafa tsohon garken shanu ne, har yanzu ana ganin shingayen da ake ɗaure su. A waje babu ado: bencina ne a kan dutse, da takalma masu taɓo, da jakunkuna a jingine. Ƙungiyar ce kuma ke da Tower Bank Arms a ƙauyen Near Sawrey, dab da gonar Hill Top da marubuciya Beatrix Potter ta saya a 1905. Ita Potter ta zama makiyayiyar Herdwick ta gaske, kuma da ta rasu a 1943 ta bar wa ƙungiyar fiye da eka 4,000 na ƙasa da gonaki.

Wasu kuma tsayi ne abin taƙamarsu. Mashayar mashigin Kirkstone tana kan mita 450 da 'yan kai, tana cikin mafi tsayi a Ingila, kuma daga wurin ana hango Windermere can ƙasa. Mortal Man a Troutbeck, wanda masu shi ke danganta kafuwarsa da 1689, yana da lambun ciyawa mai kallon kwari. Masons Arms a Strawberry Bank yana kan gangare bisa kwarin Winster. Kirkstile Inn na Loweswater yana ƙarƙashin dutsen Mellbreak, a ɓangaren yamma da baƙi ba su cika cunkoso ba. A Elterwater, idan teburan Britannia Inn suka cika, mutane kan malala zuwa dandalin ƙauyen da kofunansu.

Drunken Duck da ke kusa da Hawkshead ya samo sunansa daga wani labari da ake bayarwa: wai wata uwargida ta tarar da agwaginta a kwance ta zaci sun mutu, ta fige su, ashe giyar da ta zube suka sha. Black Bull na Coniston yana da ƙaramar masana'antar giya a bayansa tun 1995, kuma giyarta mai suna Bluebird ta ci kyautar gwarzuwar Birtaniya a 1998. An ba ta sunan kwalekwalen Donald Campbell, wanda ya mutu a tafkin Coniston ranar 4 ga Janairu 1967 yana ƙoƙarin kafa sabon tarihin gudu a kan ruwa.

Dokokin da suka fitar da mutane waje

Dokoki uku sun yi tasiri. Daga 1908 an haramta wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 shiga ɗakin sha, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fara sassautawa. Tsawon wannan lokaci sau da yawa lambu ne inda iyali zai zauna tare. Ranar 1 ga Yuli 2007 aka hana shan taba a cikin gine-ginen jama'a a Ingila, sai masu mashaya suka shiga kafa rumfuna, bisa sharaɗin cewa aƙalla rabin gefen rumfa ya zama a buɗe. Sannan annobar korona: an rufe mashayu a Maris 2020, aka buɗe a Yuli, daga baya aka sake rufewa, kuma da aka sake buɗewa ranar 12 ga Afrilu 2021 a waje kawai aka yarda a zauna. Wanda ke da fili ya samu ciniki, wanda ba shi da shi ya ci gaba da jira. Tantuna da na'urorin ɗumama waje da yawa daga wannan lokaci suka samo asali.

Ba a sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 giya. Dokar tuƙi cikin maye ma ta sauya al'ada, tun da yawancin wuraren nan sai da mota ake isa, hanyoyin kuma ƙanana ne masu kwana-kwana.

Ci da sha

A yau abinci ne ke riƙe da yawancin mashayun ƙauye. Ana zuwa kanti a ciki a yi oda a biya, a faɗi lambar tebur, a fito da abin sha da hannu. Mutane da yawa shayi ko gahawa ko lemo suke sha, kuma karnuka suna kwance ƙarƙashin tebura. Abincin yankin ya haɗa da naman Herdwick, da kifi da soyayyen dankali, da wani zazzafan kek na dabino da ake kwarara masa narkakken sukari. Baƙo Musulmi zai so ya san cewa tsiran Cumberland mai naɗi da naman alade ake yin sa, dafa-dukan dankali da naman tunkiya na gargajiya kuma akan sa masa tsiran jini, sannan wani lokaci da giya ake kwaɓa fulawar da ake soya kifi da ita.

Matsaloli

A 2001 cutar ɓauru, mai kama baki da kofaton dabbobi, ta afka wa Birtaniya, kuma Cumbria ce ta fi kowace gunduma jin jiki. An rufe hanyoyin ƙafa na tsawon watanni, aka hallaka garke-garke, mashayu kuma suka wayi gari ba baƙo. Wannan shekara ta nuna yadda manomi da mai masauki suke cin abinci a kwano ɗaya.

Ambaliya ma tana dawowa, kuma lambunan bakin ruwa su ne na farko da take ci. A guguwar Desmond ta Disamba 2015 an auna milimita 341.4 na ruwa cikin sa'o'i 24 a Honister, adadin da ba a taɓa samu ba a Birtaniya. Rafi ya ratsa tsakiyar Glenridding, tsohuwar gadar Pooley Bridge ta 1764 ta rufta, kuma sai a 2020 aka buɗe sabuwa ta ƙarfe.

Akwai kuma matsalar da ba ta da ƙara. Gidajen ƙauyuka da yawa sun koma na hutu ko na haya ga baƙi, farashi ya fi ƙarfin 'yan gari, ma'aikatan ɗakin girki ba su da inda za su zauna, kuma mashayar da ta cika maƙil a Agusta tana iya zama wayam a Janairu. Wasu ƙauyuka sun ɗauki mataki da kansu. A Hesket Newmarket, a gefen arewacin gandun, mutane fiye da ɗari suka haɗa kuɗi a 2003 suka sayi Old Crown, wadda ake ɗauka ita ce mashaya ta farko a Birtaniya da ƙungiyar gama-kai ta mallaka. Tun kafin nan wata ƙungiyar irinta ta riga ta sayi ƙaramar masana'antar giyar da ke bayan ginin, kuma ƙauyuka da dama a wasu sassan ƙasar sun bi wannan tsari daga baya.