Me ake nufi da "rumbun adana bayanai na cikin gida"?

Idan ka yanki tikitin jirgi daga Kano zuwa Jidda, sunanka da lambar fasfonka da kujerar da aka ba ka ba a kwamfutar mai sayar da tikitin suke kwana ba. Suna can wani gini cike da manyan kwamfutoci jere a kan kantoci, na'urorin sanyaya ɗaki na aiki ba dare ba rana. Wannan ginin shi ne rumbun adana bayanai, wanda ma'aikatan fannin ke ce wa data senta. In yana cikin ƙasarka, dokar ƙasarka ke hawa kansa, to shi ne na cikin gida.

Harkar jiragen sama kuwa ba ta motsi sai da shi: jerin fasinjoji, lissafin nauyin kaya, lokutan tashi da sauka, tarihin gyaran inji, har da hotunan tauraron ɗan Adam irin waɗanda hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ke aiki da su. Sai dai yawancin kamfanonin jirage hayar tsarin adana bayanan suke yi a hannun wasu kamfanoni 'yan tsiraru, irin su Amadeus na Sifaniya da Sabre na Amurka.

Rasha ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. A watan Maris na 2022, bayan ta far wa Yukiren, Sabre ya cire Aeroflot, babban kamfanin jiragen saman Rasha, daga tsarinsa na tallan tikiti ga dillalai. Kafin shekarar ta ƙare Aeroflot ya tattara ya koma kan Leonardo, tsarin da Rashawa suka gina da kansu. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Mu ma a Najeriya mun ga ɗan samfuri. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi ta jan ƙafa, bankuna suka rikice. Duk abin da aka ajiye a Turai, ta cikin irin waɗannan wayoyi yake dawo mana.

Najeriya na da nata rumbunan, kamar na Galaxy Backbone a Abuja da Rack Centre a Legas. Amma ni a ganina gina ɗakin ba shi ne wahalar ba. Wutar da ba ta ɗaukewa ko na daƙiƙa ɗaya, da ƙwararrun da za su tsare shi daga masu kutse, a nan kuɗin ke tafiya, musamman inda dizal ne ke riƙe da kwamfutocin.