Daga Lebel zuwa SCAR: inda bindigar sinaifan Faransa, wato gwanayen harbi daga nesa, ta samo asali

Duk wanda ya kalli hotunan sojojin Faransa a Mali lokacin farmakin da suka kira Serval a 2013, ko daga baya da suka baje a Sahel har Nijar da sunan Barkhane, zai iya tuna wata doguwar bindiga mai ƙotar katako, bakinta an lulluɓe shi da baƙar roba, ga madubin hangen nesa a sama. FR F2 kenan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne cikinta tsoho ne tukuf, asalinsa tun 1936.

Amma bari mu koma baya kaɗan. Faransawa ne suka fara fito da albarushi marar hayaƙi, wani masani Paul Vieille ya haɗa shi a 1884, sai bindigar Lebel ta 1886 ta zo da shi, kuma wannan ne ma ya sa harbi daga maɓoya ya yiwu sosai, don da can kana harbawa hayaƙi zai tona maka asiri. A yaƙin duniya na ɗaya Lebel ɗin suka ɗora wa madubin hangen nesa na APX da ake yi a Puteaux kusa da Paris suka miƙa wa gwanayen harbi a cikin ramuka. Ba bindiga ce ta musamman ba, ta kowa ce aka yi wa ƙari.

To sai masana'antar gwamnati da ke Saint-Étienne, wadda ake ce wa MAS, ta fito da MAS-36, harsashi mai girman milimita 7.5x54, irin wadda sai ka ja sakata da hannu bayan kowane harbi. Ba ta da kyan gani, ko makullin kunama babu a jikinta wallahi, amma akwai ƙarko. Yaƙin Indochina da na Aljeriya kuma MAS-49 mai loda kanta aka riƙa sa wa madubi, ta yi aiki dai daidai gwargwado amma in nisa ya yi nisa sai ta fara ba da kunya, shi ya sa a wajen 1966 suka dawo kan sakatar MAS-36 ɗin nan suka gyara ta, suka sa baki mai nauyi da ƙafafu biyu na jinginawa da magazin mai cin harsashi 10, suka kira ta FR F1.

Inda F1 ta yi suna Loyada ne, kan iyakar Jibuti da Somaliya, Fabrairu 1976. Ƴan bindiga suka ƙwace motar makaranta da yara 31 a ciki, jandarmomin GIGN, rundunar Faransa ta musamman mai ceto waɗanda aka yi garkuwa da su, ƙarƙashin Christian Prouteau suka kwanta cikin rana awa da awanni kowa ya saita mutum ɗaya, jira kawai suke kowa ya samu nasa a madubi lokaci guda, sannan suka danna tare kamar harbi ɗaya. An ceto mafi yawan yaran, biyu sun rasu.

Tsakiyar shekarun 1980 aka yi F2. Nan ma ba sabon gini ba ne, kwaskwarima ce, an koma harsashin NATO 7.62x51, an canja baki, an matsar da ƙafafun baya don kada su taɓa bakin su karkatar da harbi. Robar nan kuwa ba ado ba ce, in ƙarfe ya ɗau zafi iskar da ke kansa tana rawa kamar kwalta da tsakar rana, sai abin da kake gani a madubi ya riƙa motsi, ita ke rage wannan, tana kuma rage yadda na'urar gano zafi za ta hango ka. Mita 800 ake ba ta. Ni dai a ganina wannan tsimi ne mai hankali, abin da ke aiki ba a jefar da shi, sai dai fa an daɗe a kai fiye da kima.

Sarajevo, lokacin yaƙin Bosniya a shekarun 1990, ta nuna wa sojojin Faransa mita 800 bai isa ba, ga masu harbi daga benaye a bayan bango. Maganin bai fito daga masana'antar gwamnati ba, wani ƙaramin kamfani ne PGM a yankin Haute-Savoie ya yi Hécate II, harsashi milimita 12.7, nauyi wajen kilo 14, tana kai mita 1,800 kuma tana huda mota.

MAS kuwa an rufe ta a 2001, kuma nan ne labarin ya juya. Afganistan da Sahel suka nuna sojan da ke tafiya cikin rukuni yana son bindiga mai loda kanta, ba mai jan sakata ba, gida kuma babu mai yi. FAMAS, bindigar da kowane sojansu ke riƙewa, aka maye ta da HK416 ta Jamus, F2 kuma a ƙarshen 2019 aka yi odar SCAR-H PR wajen 2,600 daga FN Herstal ta Beljiyam, madubinta ma na Jamus ne.