Tsara sakamakon kod a Org Babel

Org Babel sashe ne na Org-mode, tsarin rubutun da Carsten Dominik ya fara a 2003 a cikin Emacs, manhajar rubutu da gyara rubutu a kwamfuta. Yana ba marubuci damar saka guntun kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, a tsakiyar bayaninsa, ya gudanar da shi nan take, sakamakon ya fito a ƙarƙashinsa. Donald Knuth ne ya yaɗa dabarar haɗa kod da bayani a takarda guda a 1984, amma tsarinsa na WEB ware kod daga bayani da tsara takardar don karatu kawai yake yi, ba ya gudanar da komai a cikin takardar. Sweave, wanda Friedrich Leisch ya fitar a 2002 domin harshen kwamfuta na R, ya kawo saka sakamako cikin rubutu. Eric Schulte da Dan Davison ne suka rubuta Babel, aka shigar da shi Org a 2010.

Sakamako yana zama ne ƙarƙashin layin #+RESULTS:, kuma da umarnin :results marubuci ke zaɓar abin da za a kwaso da siffar da zai fito da ita. Idan aka ce value, ƙimar da kod ya mayar a ƙarshe ake ɗauka. Idan aka ce output, sai a kwaso duk abin da kod ya buga. Sababbin shiga sun fi tuntuɓe a nan: a zaɓin value, guntun kod na harshen Python da ba shi da return, kalmar da ke mayar da ƙima, yakan ba da None kawai, wato babu ƙima, domin Babel na naɗe shi cikin aiki (function) guda kafin ya gudanar da shi.

Idan ba a faɗi siffa ba, Babel kan yi hasashe. Jerin ƙima yakan zama jadawali. Rubutun da bai kai layi 10 ba ana sa wa kowane layinsa ɗigo biyu (:) a farko, wanda ya kai haka kuma a killace shi a akwatin misali, wato sashen da Org ke nuna rubutu yadda yake ba tare da ya canza shi ba.

Zaɓin raw ya fi kowanne rikici. Yana zuba sakamako tamkar marubuci ne ya rubuta da hannunsa, don haka Org ba ya gane inda ya ƙare. In aka sake gudanar da kod, tsohon yakan zauna, sabon ya taru a kansa. Zaɓin drawer yana magance wannan, domin yana sa sakamakon tsakanin :results: da :end:, sai a share tsohon gaba ɗaya a maye gurbinsa.