Dokar kamun kifi a teku: me ya shafi ɗan Kaduna?

Mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da wannan doka?

Ruwanmu yana cikin tukunya. Titus da shawa da kote da ake yanka wa mata a Kasuwar Gumi ko Kawo duk kifin teku ne. Najeriya na bukatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da ake samu a gida kuwa bai kai rabi ba. Da na waje ake rage giɓin, da dala kuma ake saye.

Wace doka ake aiki da ita?

Dokar Kamun Kifi a Teku ta 1992, ta zamanin mulkin Babangida. Ta wajabta wa jirage lasisi, ta haramta kamu da guba ko nakiya. An kuma hana manyan jirage masu jan koma shiga mil 5 daga gaɓa, an bar wa masunta masu kwalekwale wurin.

To, mene ne aibinta?

Tsufa, da rashin mai tsaro. Gaɓar tekunmu ta kai kilomita 853, ikonmu kuma ya miƙa mil 200 cikin ruwa. Jirgi kan lallaɓo cikin dare ya shiga wancan mil 5, ya share har 'ya'yan kifi, ya yayyaga tarun talaka, kafin asuba ya yi nisa. Lokacin da aka rubuta dokar, bibiyar jirage ta tauraron ɗan'adam ba ta zama ruwan dare ba.

Akwai kuma yarjejeniyar duniya da ta fara aiki a 2016, wadda ta ba ƙasa damar hana jirgin da ya saci kifi sauke kaya a tasharta. Najeriya ta shiga. Sai dai a tsarin mulkinmu, yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita haka. A 2023 an kafa ma'aikata ta musamman kan harkokin teku, amma sabuwar ma'aikata da tsohuwar doka ba za su yi nisa ba.

Akwai wanda ya gyara tasa?

Ghana, a 2025. Ta faɗaɗa yankin ƙananan masunta zuwa mil 12. Tana kuma rufe teku na ɗan lokaci don kifi ya hayayyafa, abin da Kabawa suka daɗe suna yi a kogin Matan Fada kafin bikin Argungu.

In an gyara, kifi zai yi arha a Kaduna?

Ba nan kusa ba. Titus kifin ruwan sanyi ne, daga irin su Norway ake kawo shi, farashinsa na bin dala da dizal ɗin ɗakin sanyi. Wanda gyaran zai ceta shi ne na gida: kifin bonga da jatan lande da ake busarwa a kudu, a loda a mota zuwa arewa.