Wa'adin Miƙa Fom ɗin Haraji Ya Gabato Ko Ya Wuce: Ga Abin Yi

A yawancin ƙasashe, dokar harajin kuɗin shiga nauyi biyu ta ɗora wa mutum, kuma kowanne da irin tararsa. Na farko shi ne miƙa fom ɗin da ke bayyana abin da ka samu a shekara. Na biyu shi ne biyan kuɗin da lissafi ya nuna ana bin ka. Abin da ya fi jawo wa mutane asara shi ne cakuɗa su: mutum ya ga ba shi da kuɗin biya a hannu, sai ya ƙi miƙa fom ɗin ma, wai sai ya samu. Wannan jiran yana da tsada ƙwarai.

Dokar Amurka ta fito da bambancin fili. A can ranar 15 ga Afrilu ce wa'adi, sai in ta faɗo ƙarshen mako ko ranar hutu, a matsar da ita zuwa ranar aiki ta gaba. Hukumar harajin ƙasar, wato IRS, tana cin tarar kashi 5 cikin 100 na harajin da ba a biya ba a kowane wata, ko wani ɓangare na wata, da mutum ya yi bai miƙa fom ba, har ta kai kashi 25. Tarar rashin biya kuwa rabin kashi ɗaya ce kacal a wata. A ce ana bin ka dala 4,000. In ka miƙa fom a kan lokaci amma ka yi wata 5 ba ka biya ba, tararka dala 100 ce. In ka yi watannin nan ba fom ba biya, ta tashi dala 1,000, domin a watan da tarar biyu suka haɗu jimillarsu kashi 5 ce. Ban da kuɗin ruwa ke nan, wanda ake lissafawa kullum tun daga ranar wa'adi. Kanada ma kusan haka take: wanda ya wuce 30 ga Afrilu bai miƙa fom ba alhali ana bin sa, za a ɗora masa kashi 5 nan take, da ƙarin kashi 1 a kowane cikakken wata har wata 12.

Idan wa'adin bai ƙare ba amma takardunka ba su haɗu ba, duba ko doka ta ba da damar neman ƙarin lokaci. A Amurka fom mai lamba 4868 ake cikewa kafin wa'adi ya cika, ba a tambayar dalili, kuma yana kai mutum 15 ga Oktoba. Sai dai a nan ne da yawa ke faɗawa rami, don ƙarin lokacin na miƙa fom ne kawai, ranar biya tana nan inda take. Saboda haka ka ƙiyasta abin da za a bi ka, ka tura shi tare da buƙatar. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauko fom ɗin bara, ka gwada shi da takardun albashi da bayanan banki na bana, sannan ka ɗan ɗora wani abu a kai. Abin da ya yi rara za a mayar maka.

Ba ko'ina ake da wannan dama ba. A Birtaniya wa'adin fom na takarda 31 ga Oktoba ne, na intanet kuma 31 ga Janairu. Amma hukumar harajin ƙasar, wato HMRC, ta yarda mutum ya sa alƙaluman wucin gadi idan na ainihi ba su samu ba, muddin ya bayyana hakan a fom ɗin, ya kuma gyara daga baya. Ana da wata 12 bayan wa'adin Janairu don yin gyara. Mai cikewa karon farko ya fara da wuri, domin sai ya yi rajista an aiko masa da lambar shaidarsa ta haraji, kuma wannan ba aikin daren ƙarshe ba ne.

To idan ranar ta riga ta wuce fa? Ka miƙa yau, kada ka jira wasiƙar hukuma. Tara hawa-hawa take yi, kowace rana na iya tsallakar da kai zuwa mataki na gaba. A tsarin da aka saba da shi a Birtaniya, lattin kwana ɗaya fam 100 ne, ko da ba a bin ka ko sisi. Bayan wata 3 sai fam 10 kullum har kwana 90, wato fam 900. A wata na 6 a ƙara kashi 5 na harajin ko fam 300, duk wanda ya fi yawa, a kuma maimaita a wata na 12. Wannan ya sa shawarar da ake yawan ji, cewa wanda ba a bin sa ba ruwansa da latti, ba ta aiki a ko'ina. A Amurka gaskiya ce, tunda tarar daga bashin ake lissafa ta. Amma ko a can, wanda yake da rarar da za a mayar masa shekara 3 yake da su ya nema, in sun wuce kuɗin ya zama na gwamnati.

Bayan fom sai biya. Ka tura abin da ya samu, da babu gara ba daɗi, kuma tara da ruwa a kan ragowar suke hawa. Sauran ka nemi a raba maka shi wata-wata. IRS da HMRC duk suna da tsarin haka, kuma galibi ba sa amincewa sai fom ɗinka ya shiga. A Amurka, wanda ya miƙa fom a kan lokaci kuma aka amince masa da biyan wata-wata, tararsa ta rashin biya takan sauko zuwa rubu'in kashi ɗaya. Kada ka yi alkawarin adadin da ba za ka iya riƙewa ba, don karya yarjejeniyar yana dawo da matsin karɓar bashin gaba ɗaya.

Ana kuma iya yafe tara idan an roƙa. IRS takan yafe wa wanda ya yi shekara 3 da suka gabata ba a ci tararsa ba. A Birtaniya mutum yana da kwana 30 daga ranar takardar tara ya yi ƙorafi, kuma uzurin da ake karɓa shi ne irin rashin lafiya mai tsanani, rasuwar makusanci dab da wa'adi, gobara, ambaliya, ko matsala daga shafin hukumar kanta. Cewa ba a tuna maka ba, ko shafin ya yi maka wuyar sha'ani, ba uzuri ba ne. Ka rubuta ranar da matsalar ta fara da ranar da ta kau, ka haɗa da takardar asibiti ko wata shaida, ka kuma nuna cewa ka miƙa fom da zarar ka samu hali. Kuɗin ruwa dai da wuya a yafe shi.

Wanda ya tara shekaru bai miƙa ba ya sani cewa hukuma na iya yi masa lissafin da kanta daga bayanan da masu ɗaukar aiki da bankuna suka ba ta, kuma ba za ta cire masa kuɗaɗen da ya kashe a sana'a ko rangwamen da ya cancanta ba. Irin wannan lissafi kusan kullum ya fi na gaskiya yawa, kuma fom ɗinka na ainihi ne ke gyara shi. Idan shekarun suna da yawa, ko akwai kuɗin da aka samu a wata ƙasa, a nan ya dace a nemi akanta ko lauyan haraji mai lasisi. Duk abin da ka tura, adana lambar shaidar karɓa ko rasit ɗin gidan waya, domin ranar da ke jikinsu ita za a duba idan gardama ta tashi.