Waiwaye: Yadda Zakara Ya Bar Tauraro Ya Bi Fartanya a 1959

Tun da wasu 'yan majalisar wakilai sittin suka gabatar da ƙudurin a koma tsarin firaminista a Fabrairun 2024, maganar ba ta mutu ba a majalisun shayi na Kano. Wani dare a Gwammaja na ji matasa suna ta lissafi, wannan jam'iyya za ta ci kujeru kaza, waccan kaza. Wani tsoho ɗan Sawaba, wato ɗan tsohuwar jam'iyyar NEPU, da ke gefe ya ajiye kofinsa ya ce, "Yarana, mu fa mun ga wannan tsarin da idonmu." Na ce, "Baba, ba mu labari." Abin da ya faɗa ne ya sa na koma tarihi.

An yi zaɓen tarayya ranar 12 ga Disamba, 1959, a kan kujeru 312, kuma 174 daga ciki na Arewa ne. Kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta: NPC mai mulkin Arewa fartanya, NEPU ta Malam Aminu Kano tauraro, NCNC ta Nnamdi Azikiwe zakara, AG ta Obafemi Awolowo bishiyar kwakwar manja. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba a lokacin, abin da har yau yake ci mini rai.

NCNC ta fi NPC tara ƙuri'u a faɗin ƙasa, amma NPC ce ta zo da kujeru 134. NCNC da ƙawarta NEPU suka samu 89, takwas daga ciki na NEPU, AG kuma 73. Babu wanda ya kai 157 da ake bukata don rinjaye. Duk mai hasashe da alƙalami zai ce ai an gama: a haɗa 89 da 73, ga 162, Azikiwe da Awolowo sun kafa gwamnati. Awolowo ma ya nemi hakan. Bai yiwu ba. Akwai tsohon miki tsakaninsu tun rikicin majalisar Yamma na farkon shekarun 1950, ga kuma tsoron abin da Arewa za ta yi idan aka bar ta a waje ana daf da samun 'yanci. Gwamna-Janar James Robertson ya kira Abubakar Tafawa Ɓalewa na NPC ya kafa gwamnati, NCNC ta shiga gwamnati da NPC, Awolowo ya zama jagoran adawa.

A nan ne abin ya taɓa Kano. An kafa NEPU a birnin nan ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma 'ya'yanta sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e saboda adawa da NPC. Sai ga shi rana ɗaya ƙawarsu ta kama hannun abokin gabarsu. A Legas Malam Aminu Kano yana zaune a ɓangaren gwamnati, a gida kuwa ana ci gaba da tasa ƙeyar magoya bayansa. Tsohon nan ya ce abin da ya fi musu ciwo shi ne babu wanda ya tambaye su kafin a ƙulla.

Auren NPC da NCNC bai yi ƙarko ba. Rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963 ta raba su. Kafin zaɓen 30 ga Disamba, 1964, NPC ta haɗe da NNDP ta Firimiyan Yamma Akintola aka yi ƙawancen NNA, su kuma NCNC da AG da NEPU da UMBC ta yankin Arewa ta Tsakiya suka dunƙule a ƙawancen UPGA. An ƙaurace wa zaɓen a wurare da dama, Azikiwe, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙasa, ya yi kwanaki bai kira Ɓalewa ya kafa gwamnati ba. Shekara guda bayan haka sojoji suka zo, ranar 15 ga Janairu, 1966.

Ba na ƙin tsarin firaminista, yana da arha kuma yana tilasta wa shugaba amsa tambaya a zaure. Amma ina so masu tallarsa su gaya wa mai ƙuri'a a Fagge ko Dala wa jam'iyyarsu za ta bi idan kujeru ba su cika ba, su faɗa tun kafin ranar zaɓe. Da na tambayi tsohon ko zai so a dawo da tsarin, sai ya ce a fara nuna masa takardar ƙawance tukuna.