Ciwon Suga

Ciwon suga, wasu su ce ciwon siga, cuta ce da sukarin da ke yawo cikin jinin mutum yake hawa ya wuce ƙima kuma ya ƙi sauka, ko dai dan jiki ya daina samar da sinadarin insulin, ko kuma yana samarwa amma ƙwayoyin jikin sun daina jin maganarsa. Sunan da likitoci ke kiransa da shi, diabetes mellitus, haɗin Girkanci da Latin ne, kalmar farko tana nuni ga ruwan da ke wucewa ya zube wato yawan fitsarin nan, ta biyun kuma tana nufin mai zaƙin zuma. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya, IDF, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi, kusan mutum 1 cikin kowane 10 kenan, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Wannan rashin sanin shine babbar matsalar ciwon, yana iya shekara da shekaru yana kisan mummuƙe mutum na ta harkokinsa yana jin kansa garau.

Yadda abin yake a cikin jiki

Duk abincin da ke da sitaci ko zaƙi idan ya narke a hanji yana komawa gulukos ne, wato wani nau'in suga, ya shiga jini, kuma shine man da ƙwayoyin jiki suke ƙonawa su samu ƙarfi. To amma gulukos ba ya shiga tsoka da kitse da kansa sai insulin ya ba da umarni, shi kuma insulin ana yinsa ne a wata ƴar gaɓa mai suna fankiriyas da ke kwance a bayan tumbi, cikin wasu ƴan tsibiran ƙwayoyi da wani ɗalibin likita Bajamushe Paul Langerhans ya fara gani a 1869. Idan insulin ya yi ƙaranci ko ya daina tasiri sai suga ya taru a jini, ƙwayoyin kuma suna can suna fama da yunwa, ga ƙoshi ga kwanan yunwa kenan, hanta ma ta ɗauka yunwa ake yi ta ƙara zubo nata sugan da ta ajiye abu ya ƙara lalacewa.

Ƙoda tana iya riƙe suga har zuwa wajen 180 mg/dL a ma'aunin sugan jini, da ya haura haka sai ya fara tsiyaya cikin fitsari, kuma ba ya fita shi kaɗai sai ya ja ruwa ya tafi da shi. Daga nan ne yawan fitsari yake zuwa musamman da dare, sai ƙishirwar da ba ta jin ruwa, sai rama duk da mutum yana cin abinci sosai dan jiki ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Likitocin Indiya na da can sun lura kiyashi na taruwa a fitsarin masu ciwon, a ƙarni na 17 kuma wani likitan Ingila Thomas Willis ya rubuta cewa fitsarin nasu zaƙi gare shi, kuma ta hanyar ɗanɗanawa aka gano hakan, likitancin da kenan. Sai a 1889 ne wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa wani kare fankiriyas suka ga ya kamu da ciwon, a 1921 kuma Frederick Banting da Charles Best suka samo insulin a Toronto ta Kanada, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurarsa a watan Janairun 1922. Kafin nan yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce aka mayar ranar ciwon suga ta duniya.

Ire-irensa da abin da ke kawo su

Nau'i na ɗaya, garkuwar jikin mutum ce da kanta take kuskure ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin. Ya fi kama yara da matasa duk da babba ma yana iya samu, yana zuwa da sauri cikin ƴan makonni, kuma shan zaƙi ba shi da hannu a ciki sam, dan haka ɗora wa iyayen yaro laifi zalunci ne kawai. Mai shi ba shi da makawa sai allurar insulin har ƙarshen rayuwa.

Nau'i na biyu shine ya kwashe sama da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon. A nan insulin ɗin yana nan amma jiki ya yi masa taurin kai, fankiriyas ta yi ta ƙara ƙoƙari shekara da shekaru har ta gaji ta fara gazawa. Gado yana da ƙarfi sosai a nan, sai ƙiba musamman teɓar ciki, zaman wuri ɗaya, da shekaru, kodayake yanzu ana ganinsa har a matasa, kuma siriri ma yana kamuwa, mutanen kudancin Asiya misali suna samunsa tun ƙibarsu ba ta kai ta wasu ba. Akwai kuma na masu juna biyu, wanda sinadaran da mabiyiya ke fitarwa suke dakushe aikin insulin, shi yasa ake gwada mai ciki tsakanin mako na 24 da na 28. Yawanci yana tafiya bayan haihuwa amma yana iya sa jariri ya yi girma fiye da kima haihuwa ta yi wuya, kuma uwar tana cikin haɗarin samun nau'i na biyu daga baya. Ciwon fankiriyas da daɗewa ana shan magungunan sitiroyid suma suna kawo shi.

Gwaji

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a ciwon suga dai ido bai san komai ba, jin jiki ma haka, sai an auna jini. Idan mutum ya kwana aƙalla awa 8 bai ci komai ba aka samu sugansa ya kai 126 mg/dL, wato 7.0 mmol/L, ko ya haura, ciwon suga ne. Haka idan an ba shi ruwa mai gulukos giram 75 ya sha aka auna bayan awa 2 aka ga 200 ko sama, ko kuma aka auna a kowane lokaci aka ga 200 alhali ga alamomin nan a tare da shi. In babu alamomi ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya sai an maimaita. Sai gwajin HbA1c, wanda ke duba yawan sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, da yake su kan yi kwana wajen 120 a raye sai ya ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, 6.5% zuwa sama ciwon suga ne. Wannan gwajin ba a yi masa wayo, wanda ya kame bakinsa ana gobe zai ga likita ba zai tsira ba, amma yana iya ba da sakamakon da ba daidai ba ga mai sikila ko mai ƙarancin jini ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan.

Tsakanin 5.7 da 6.4% kuwa mutum yana bakin gaɓa ne bai faɗa ba tukuna. Wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 ya nuna rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100 ga irin waɗannan mutanen, maganin metformin kuma kashi 31.

Illolinsa

Akwai na gaggawa akwai na sannu a hankali. Cikin na gaggawa, idan babu insulin kwata-kwata jiki yakan koma ƙona kitse ba ƙaƙƙautawa, sai wasu sinadarai da ake kira kitons su taru jini ya yi tsami, mutum ya kama amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri, bakinsa na wani irin ƙamshi kamar na ƴaƴan itacen da suka nuna suka wuce, in ba a kai shi asibiti ba sai dogon suma. Tsofaffi masu nau'i na biyu kuma sugansu na iya haura 600 jiki ya bushe ƙayau hankali ya gushe.

Amma faɗuwar suga ƙasa da 70 mg/dL ta fi saurin yin ɓarna, kuma maganin ne kansa yake kawo ta. A ɗauka an yi wa mara lafiya allurar insulin da safe, kafin abinci ya iso aka tura shi ɗaukar hoto aka daɗe a layi, can sai ka ga zufa ta jiƙa masa riga hannu na rawa, mutumin da ke da fara'a ya koma masifa yana magana kamar wanda ya bugu. Ƙwaƙwalwa ce take neman mai, dan ba ta da ajiyar kanta. In yana iya haɗiya a ba shi suga giram 15 nan take, a jira minti 15 a sake aunawa, in bai hau ba a ƙara. In ya suma kuwa kada a ɗura masa komai a baki zai shaƙe, gulukos ta jijiya ake ba shi ko allurar gulukagon mai ɗaga suga.

Na sannu a hankali duk tushensu ɗaya ne, suga na cin jijiyoyin jini ƙanana da manya. A ido ƙananan jijiyoyin bayan ido su fara yoyo gani ya tafi, kuma sau da yawa mutum ba ya lura sai abu ya yi nisa, shi yasa ake son a duba idon duk shekara ko da yana gani tangaran. A ƙoda furotin ya fara fita cikin fitsari, ƙarshenta wankin ƙoda ko dashe. Manyan jijiyoyi su toshe a samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, musamman in an haɗa da hawan jini da shan taba, kuma ciwon zuciya shine ya fi kashe masu suga. Raunin mazakuta ma yana cikin jerin duk da kunya na hana maza faɗa wa likita.

Ƙafa kuwa labarinta daban ne. Jijiyoyin ji suna mutuwa daga yatsu su yo sama, da farko zafi kamar ana tsira allura ko tafin ƙafa na ci da wuta da dare, daga baya sai shiru. Mutum ya wuni da ƴar tsakuwa cikin takalmi bai ji ba, sai da yamma ya cire safa ya ga jini, ga jini ba ya isa ƙafar sosai ga garkuwar jiki ta yi rauni, ɗan ciwon nan ya zama gyambo, gyambon ya kai ƙashi, a wayi gari ana maganar yanke ƙafa.

Jinya

Aikin nas a kan gado a bayyane yake, auna suga a kan lokaci da rubuta shi, haɗa allura da lokacin cin abinci, lissafin ruwan da ya shiga da fitsarin da ya fita, wankin ciwo, juya wanda ba ya iya motsi kada ya samu ciwon kwanciya. Ga wanda jininsa ya yi tsami ƙarin ruwa ake fara sawa sannan insulin ta jijiya, ana sa ido kan sinadarin fotasiyam dan insulin na tura shi cikin ƙwayoyi ya ragu a jini zuciya ta rikice. Ana kuma gwada ƙafa da wani siririn zaren roba a taɓa tafin mutum idonsa a rufe a ji ko yana ji.

Sai dai mara lafiya awa nawa yake yi a gaban ma'aikacin jinya cikin shekara? Ragowar duk shi kaɗai ne da ciwonsa, dan haka rabin aikin koyarwa ne. A nuna masa ya riƙa canza wurin allura, ciki, cinya, damtse, dan in ya nace wa wuri ɗaya, kuma mutane na son haka saboda wurin ya daina zafi, kitse zai yi ƙullutu insulin ya daina shiga daidai. Insulin da ba a buɗe ba a firji yake zama tsakanin digiri 2 da 8, kada ya daskare kada ya sha rana, wanda aka buɗe yawanci wajen kwana 28 ne. Ranar da zazzaɓi ko amai ya kama mai nau'i na ɗaya kada ya ce tunda ba ya cin abinci bari ya ajiye allura, rashin lafiya ɗaga suga take yi, a yawaita aunawa da shan ruwa a nemi likita. Abinci kuma ba cewa aka yi a zauna da yunwa ba, a rage yawan sitaci a faranti, a ƙara ganye, a bar lemon kwalba sai ranar da suga ya faɗi. Ƙafa a duba ta kullum har tsakanin yatsu, wanda ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi, ba a tafiya ba takalmi, ba a yanke kantar ƙafa da reza, ruwan wanka a taɓa shi da gwiwar hannu tukuna, a zazzage takalmi kafin a saka.

Gajiya da ciwon ma gaskiya ce, wanda kullum sai ya huda yatsa ya lissafa loma yakan kai ranar da zai ce ya gaji, kuma faɗa ko tsoratarwa sai dai su sa ya fara ɓoye lambobin ko ya ƙirƙiro na ƙarya a littafinsa. Nas mai ƙwarewa tambaya take yi me ya hana, kuma kafin a sallami mutum ba ta yarda da "eh na gane" ba, sai ta miƙa masa sirinjin ya zuƙo maganin ya yi allurar a gabanta da hannunsa.